Amasa Tolliver, Gwamnan da Ya Zaɓi Kansa

Haihuwa da asali

An haifi Amasa Tolliver ranar Talata, 9 ga watan Afrilu na shekarar 1771, a garin Wexley da ke bakin Kogin Sable, a daidai sa'ar da mahaifinsa, Obed Tolliver mai fito, yake tsaye a harabar kotu ƙarti biyu na riƙe da shi, yana gaya wa Kanar Stroud maganganun da ba su dace da littafin tarihi ba. Ranar zaɓe ce. A zamanin kuwa ba takarda ake jefawa ba: mutum yakan tsaya gaban tebur ne ya ambaci sunan wanda yake so da babbar murya, magatakarda ya rubuta. Sai dai ba a sauraren kowa sai wanda gonarsa ta kai eka hamsin, Kanar ne kuma ke zaune a kan teburin.

"Eka nawa gare ka, Obed?"

"Ka tambaye ni bara, Kanar, ka tambaye ni bara waccan. Kogin nan ya fi eka dubu, ni kaɗai nake nomansa."

"To, ranar da ya tsaya wuri ɗaya muka auna, sai ka dawo."

Ana cikin dariya wata maƙwabciya ta kutso da albishir cewa matarsa Dorcas ta sauka, an sami namiji. Obed ya fizge hannunsa ya ce wa Kanar ya rubuta ya ajiye, wannan da aka haifa sai an ji muryarsa ko ana so ko ba a so. An ji ta kuwa, sai dai ba ta fuskar da uban ya yi zato ba.

Ƙuruciya da neman ilimi

Daga shekarar 1778 zuwa 1784 Amasa ya yi karatu a hannun faston garin, amma da hunturu kawai, lokacin da kogi ya daskare babu fito. Sauran watannin yana jirgi tare da mahaifinsa, wanda a zamanin yaƙin neman 'yanci ya ƙetarar da sojan sarki da na 'yan ƙasa duka ba tare da nuna bambanci ba, muddin dai ba su zo a rana ɗaya ba.

A makarantar ne ya haɗu da Lemuel Stroud, babban ɗan Kanar, wanda ya girme shi da shekara uku. Lemuel dogo ne, mai sanyin magana, irin mutanen da ko jaki suka taka sai sun ba shi haƙuri. Allah ya haɗa jininsu. Lemuel ne ya koya masa cire hula in mace ta shigo, da riƙe cokali, da daina share hanci da hannun riga. Shi ne kuma ya koya masa ƙa'idar da manyan jiharmu suka riƙe kamar aya, cewa dattijo ba ya roƙon muƙami, muƙami ke roƙonsa, kuma ba ya ambaton sunan kansa a wurin zaɓe. Tun daga lokacin Amasa yake kiransa Yaya.

Sana'a

A shekarar 1789 ya kama aikin awon filaye a dazuzzukan yamma, ya kuma zaɓi a riƙa sallamarsa da fili maimakon kuɗi. Kafin shekara huɗu ya mallaki eka ɗari shida da arba'in. Masu baƙin ciki suna cewa sarƙar awonsa takan miƙe in ta iso kan nasa filin, amma ba a taɓa tabbatar da wannan ba, domin shi kaɗai ke da sarƙa a duk yankin. Mahaifinsa ya rasu a shekarar 1794 bai taɓa yin zaɓe ba. Da shekara ta zagayo Amasa ya tsaya gaban teburin nan a karo na farko, ya ambaci sunan Lemuel Stroud da ƙarfin da ya sa dawakan da ke ɗaure a waje suka razana.

Aure da iyali

A shekarar 1797 ya nemi auren Keziah, ƙanwar Lemuel, 'yar gajeriya mai kaifin harshe, wadda ta riga ta ƙi wani likita saboda yana warin magani. Kanar ya ce sai bayan ransa. Lemuel ne ya shiga tsakani, a kan teburin cin abinci, cikin ladabin nan nasa.

"Baba, in jirgin ubansa ne laifinsa, ka tuna a cikinsa ka kwanta an lulluɓe ka da buhunan masara ranar da sojan sarki suka biyo ka."

Kanar bai ƙarasa abincinsa ba, amma an ɗaura aure a watan Oktoba. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu: Barnabas a 1798, Tirzah a 1801, Obed a 1804, wanda bai cika shekara biyu ba ya koma, sai auta Hepzibah a 1808. Lemuel kuwa bai yi aure ba har ƙarshen rayuwarsa. An ce sau biyu yana ganin wadda yake so, sau biyun yana tsayawa ya ba wani hanya.

Shiga majalisa

An zaɓi Amasa wakilin Wexley a shekarar 1803, ya tarar da Lemuel ya riga shi kujera da shekara takwas. Tare suke hawa zuwa Danforth, babban birnin jiha, su sauka ɗaki ɗaya a masauki. A zauren majalisa kuwa ba su taɓa zama gefe ɗaya ba. Maganar Amasa guda ce, a soke sharaɗin eka hamsin. Lemuel yakan miƙe ya yaba fasahar surukinsa na minti goma, sa'an nan ya kashe ƙudurin cikin minti biyu, su fito su ci gasasshen agwagwa tare. Haka aka yi shekara goma sha uku.

Zaɓen shekarar 1816

A wancan lokaci majalisa ce ke zaɓen gwamna, wakilai arba'in da ɗaya, kowa da bakinsa. Da wa'adin gwamna mai ci ya ƙare, masu manyan gonaki suka tsayar da Lemuel, mutanen yamma suka tsayar da Amasa, kowannensu kuma ya nuna mamaki kamar yadda al'ada ta tanada. Al'adar ta kuma tanadi cewa 'yan takara ake kira daga ƙarshe, kowa ya rusuna ya ambaci sunan abokin karawarsa. Ba a rubuce take ba, domin ba wanda ya taɓa tunanin tana bukatar rubutu.

Ranar Laraba, 4 ga watan Disamba, aka zauna. Da aka gama kiran wakilai talatin da tara, Lemuel na da ashirin, Amasa na da goma sha tara. Magatakarda ya kira Lemuel, da yake shi ne babba. Ya miƙe, ya gyara riga, ya rusuna.

"Amasa Tolliver."

Ashirin da ashirin ke nan. Saura murya ɗaya, kowa kuma ya san inda za ta faɗa, har wasu sun fara laluben hulunansu. Amasa ya miƙe. Mutumin da ya yi shekaru yana awo ba ya bukatar alli kafin ya gane lissafin. Ya san in ya yi ladabi, zancen eka hamsin ya kwanta na wasu shekaru, wataƙila har ya mutu kamar ubansa yana jira. Ya kuma san kujerar tana da kyau, wannan ma kada a ɓoye. Ya dubi Lemuel, ya ga yana yi masa murmushi irin na malami da ɗalibinsa zai yi karatu a gaban baƙi.

"Amasa Tolliver," in ji shi.

Magatakarda bai ko ɗago kai ba. "Ranka ya daɗe, na san sunanka. Wanda ka zaɓa nake tambaya."

"Shi na zaɓa."

Can wani tsoho daga kujerun baya ya ce, "Ɗan mai fito dai. Ya ƙetare ya bar mutum a gaɓa." Shugaban majalisa ya sa aka kawo kundin dokoki, ya yi sa'a guda yana juya shafi, bai sami inda aka haramta rashin kunya ba. Aka yi shelar ashirin da ɗaya da ashirin. Lemuel ya ɗauki hularsa, ya tako har gaban surukinsa ya miƙa masa hannu.

"Allah ya taya riƙo, Mai Girma."

Daga ranar bai ƙara kiransa da sunansa ba, bai ƙara taka gidansa ba, ya kuma ajiye kujerarsa ta majalisa a makon.

Labari ya riga Amasa isa gida. Ya tarar da Keziah tana feren tuffa, ba ta ajiye wuƙar ba.

"Maigida, da bakinka?"

"Da na wa zan faɗa?"

"Yaya ya koya maka ɗaukar cokali, ashe bai koya maka ajiye shi ba. To, yanzu a gidan wa zan ci Kirsimeti?"

Shi dai ya tsaya a kan cewa don talaka ya yi. Abokan hamayya suka ce don kansa ya yi. Matan coci kuwa suka ce Keziah ta riga ta yanka yadin siliki na ranar rantsuwa, ba shi da ƙarfin halin komawa gida hannu rabbana. Wannan na ƙarshe ƙarya ce, domin yadin na bikin Barnabas ne, amma ya fi sauran yaɗuwa.

Zamanin mulki

Ya yi mulki daga 1816 zuwa 1819. A zamaninsa aka shimfiɗa hanyar Danforth zuwa yamma, aka gina gada a Wexley, aka kafa makarantu goma sha ɗaya. A shekarar 1818 ya cim ma burinsa: aka gyara tsarin mulki, aka soke sharaɗin eka hamsin, aka mayar da zaɓen gwamna hannun jama'a. Masu fito da maƙera da 'yan ƙodago suka sami murya, suka kuma yi amfani da ita a shekara mai zuwa wajen kayar da shi. Wanda suka zaɓa wani mai masauki ne, Zebulon Crake, wanda ya zagaye jiha da gangar giyar tuffa a amalanke yana roƙon ƙuri'a gida-gida, ya kuma zaɓi kansa a bainar jama'a ba wanda ya ce uffan. Da aka tambayi wani maƙeri dalilinsu, sai ya ce mutumin da ya yi wa yayan matarsa haka, me zai yi wa bare?

Rasuwar Keziah

Shekara goma sha huɗu da 'yan watanni Keziah ta yi tana raba kanta biyu. A coci, Lahadi ɗaya ta zauna a bencin mijinta, ta gaba a na yayanta, har jama'a suka riƙa ƙidayar makonni da ita. A watan Maris na 1831 ciwon huhu ya kwantar da ita. Ta yi wasiyya a binne ta kusa da mahaifiyarta a maƙabartar gidan Stroud, ta kuma faɗa wa 'yarta Tirzah dalili.

"Ku kai ni can. In ubanku yana so na, ya biyo ni, hanya kuwa ta ƙofar Yaya ta bi."

Maƙabartar ƙarama ce, a kan tudu mai duwatsu, an kewaye ta da katanga. Bayan an sa Keziah, wurin mutum ɗaya ya rage, tsakaninta da katangar, Lemuel kuma ya daɗe da kafa masa alama don kansa. An buɗe wa tsohon gwamna ƙofa ranar jana'iza, aka kulle da ya fita. Daga wannan rana babu abin da Amasa yake nema a duniya sai wannan ɗan wurin.

Shekarun tsufa

Kowace shekara, ranar da ta rasu, yakan rubuta wa Lemuel wasiƙa, ta dawo da hatiminta ba a ɓalle ba. Yakan kuma hau tudun ya tsaya a bayan katanga, ya ɗora haɓa a kan dutse yana ba ta labarin gari. A shekarar 1839, da ya ji ƙafa ta fara gazawa, ya tafi da kansa. Ya sami Lemuel a baranda, an lulluɓe masa gwiwa da bargo.

"Mai Girma ya yi ɓatan hanya ne?"

"Yaya, roƙo na zo."

"Dattijo ba ya roƙo. Na koya maka."

"Ni ba dattijo ba ne, kai ne babban shaida."

Lemuel ya nuna masa kujera. Amasa ya zauna ya faɗi bukatarsa ba kwana-kwana: ya ce ga gonarsa ta bakin kogi, ga gidan Danforth, a ɗauki duk wanda ake so a ba shi wurin kwanciya kusa da matarsa.

"Ƙasa ba ta dame ni ba," in ji Lemuel. "Tambaya ɗaya gare ni. Da magatakarda zai sake kiranka yau, sunan wa za ka faɗa?"

Daga barandar ana hango katangar. Amasa ya dube ta. Kalma biyu ce tsakaninsa da ita, wato sunan Lemuel, ba majalisa, ba magatakarda, ba mai ji sai tsoho ɗaya da karensa. Ya buɗe baki da niyyar faɗa, sai ya fasa.

"Nawa zan faɗa, Yaya."

"Na sani. Da ka faɗi sunana, da na sa karen nan ya raka ka." Ya gyara bargonsa. "Amsa kuwa a'a ce. A kawo maka shayi?"

Ya sha shayin, har kofi biyu, domin ba a koya masa ƙin abin da aka miƙo ba. Bai sake rubuta wasiƙa ba.

Rasuwa da jana'iza

Amasa Tolliver ya rasu ranar Juma'a, 20 ga watan Oktoba na shekarar 1843, a gidansa na Wexley, bayan jinyar wata biyu, yana da shekara saba'in da biyu. Ya bar 'ya'ya uku: Barnabas, lauya a Danforth, Tirzah, matar Likita Ansel Pike, da Hepzibah, wadda ta bi mijinta can yamma, labarin bai same ta ba sai bayan wata guda. Ya kuma bar jikoki goma sha huɗu. An binne shi ranar Talata, 24 ga wata, a maƙabartar gidan Stroud, dama da matarsa. Yadda aka sami wurin kuwa, ga shi.

Tun yana kwance majalisa ta ware masa fili a gaban zaurenta, da alkawarin dutsen marmara da harbin igwa, ran Asabar kuma aka haƙa ramin. Ran Lahadi bayan coci, ga gawa a falo, Barnabas da Tirzah suna ta sa-in-sa a kanta.

"Girman da jiha ta yi masa ne za mu mayar mata?" in ji Barnabas. "Har Gwamna zai yi jawabi."

"Jawabi kake so, Yaya, don a gan ka a layin gaba. Baba igwa ya ce yana so?"

"Abin da yake so an hana shi yana da rai. Ke ce za ki haura katanga da shi?"

"In ta kama."

Sai aka ji sanda a kan matakala. Lemuel Stroud ne, shekara saba'in da biyar, cikin baƙar rigarsa ta zuwa majalisa, wadda asu ya ɗan taɓa. Rabonsa da gidan shekara ashirin da bakwai, amma bai tambayi hanyar falo ba. Ya cire hula ya tsaya a kan gawar ya daɗe.

"Wa ya ɗaura masa wannan ƙyallen wuya?"

"Ni ce, Kawu," in ji Tirzah.

"A karkace yake." Ya jingine sandarsa, ya kwance ya sake ɗaurawa. "Shekara sittin ina nuna masa." Sa'an nan ya laluba aljihu ya fito da mabuɗi ya ajiye a kan tebur. "Na ƙofar tudu ne. Ku haƙa a hankali, akwai dutse ta wajen ƙafa. Ku ba shi. Dama ya saba zama a wurina."

Tirzah ta kama hannunsa. "Kawu, kai kuma fa? Babu wani wurin a can."

Lemuel ya juya wajen Barnabas. "Na ji an haƙa rami a Danforth."

"An haƙa, Kawu."

"A gaban majalisa?"

"Daidai bakin matakala."

"Ramin gwamna?"

"Na gwamna ne, Kawu, shi ya sa nake cewa..."

"To, ka gaya musu su rufe shi da katako su jira. Nawa ne tun shekarar sha shida."

Barnabas ya fara bayanin cewa majalisa ba za ta taɓa amincewa ba, domin ƙudurin da sunan mahaifinsa aka zartar, kuma doka ta fayyace.

"Doka," in ji Lemuel. "Kai ma ɗansa ne."

Ya sa hularsa tun bai fita daga gaban mace ba, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba, ya ɗauki sandarsa ya fice, ya bugo ƙofar da ƙarfin da ya sa faranti biyu suka faɗo daga kan kanta.